Garagumsa: Mu Nawa Ne, Kuma Ta Ina Muke Fita?

 

A wannan fitowa za mu yi hira a kan abu biyu: yawan jama'a, da hanyar da jama'a ke bi su fita daga ƙauye. Wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ku biyo mu sannu, za ku ga igiyar da ta ɗaure su. Mun ɗauki ƙasar Garagumsa don misali. Wanda ke karanta jaridar nan a Mirya, ko Magarya, ko Tanut, sai ya auna da garinsu.

INA GARAGUMSA TAKE?

Garagumsa ƙaramar hukuma ce ta karkara, a yammacin jahar Damagaram. Babban garinta shi ne Takeita. Daga Takeita zuwa birnin Zinder kamar kilomita 50 ne, in ka nufi gabas. A da ƙasar tana cikin gundumar Mirya. A shekara ta 2011 gwamnati ta ƙara yawan gundumomi, Takeita ta samu gunduma tata. Ƙananan hukumomi uku ke cikinta: Garagumsa, Tirmini da Dakusa.

Allah ya yi wa Garagumsa baiwar hanya. Babbar kwalta mai lamba 1, wadda ake kira Hanyar Haɗin Kai, ta ratsa ta. Ita ce ta taso daga Yamai, ta bi Doso, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Tasawa, ta shigo Takeita, ta wuce Zinder, Gure da Difa, har Gingimi. A Takeita kuma wata kwalta ta rabu ta yi kudu. Ta bi Kance da Matamai, ta kai iyakar Najeriya a Ɗan Barto. Daga can sai Daura, sai Kano. Wato Takeita mararraba ce.

Baƙon da ya tsaya bakin tashar Takeita zai ga manyan motocin fasinja, da kamiyo ɗauke da kaya, da ƙananan motocin kasuwa, da ƴan kabu-kabu. Sai ya ce mutanen nan ba su da damuwar tafiya. To, amma mutanen Garagumsa da yawa ba a bakin kwalta suke kwana ba. Suna cikin ƙauyuka da tungaye da rugage. Wani tsakaninsa da kwalta kilomita 3 ne, wani 10, wani fiye da haka. Maganarmu ta yau a kan wannan tsakanin take: daga ƙofar gida zuwa bakin kwalta.

MU NAWA NE?

Ƙasarmu Nijar ta yi babbar ƙidayar jama'a a 1977, da 1988, da 2001, da 2012. Ga abin da aka samu:

1977: mutum miliyan 5 da dubu 100 da ɗoriya.
1988: mutum miliyan 7 da dubu 250 da ɗoriya.
2001: mutum miliyan 11 da dubu 60.
2012: mutum miliyan 17 da dubu 138.

Ku duba da kyau. Cikin shekara 35 mun ninka fiye da sau uku. Inda mutum ɗaya yake a 1977, a 2012 mutum uku ne a wurin. Tsakanin 2001 da 2012, kowane mutum 100 na samun ƙarin kusan mutum 4 a shekara. In aka ci gaba a haka, jama'a na ninkawa cikin shekara 18 ko 19.

A ƙidayar 2012 jahar Damagaram ce ta fi kowace jaha yawan mutane, da miliyan 3 da rabi da ɗoriya. Gundumar Takeita tana da mutum dubu 246 da 818. A ciki Tirmini na da dubu 116 da 11, Garagumsa na da dubu 69 da 28, Dakusa na da dubu 61 da 779. Ku haɗa su a allo, ku ga ko lissafin ya cika. Ku tuna kuma wannan lissafin 2012 ne. Jariran da aka raɗa wa suna a wannan shekarar yau sun isa riƙe hauya, kuma sun samu ƙanne a bayansu.

Ƙidayar ta nuna wasu abubuwa biyu. Cikin ƴan Nijar 10, fiye da 8 a karkara suke zaune. Sa'an nan kusan rabin jama'ar ƙasa yara ne da ba su kai shekara 15 ba.

Haihuwa arziki ce, kowa ya sani. Amma arziki yana son tanadi. Rijiyar da ta ishi gida 40 ba ta isar gida 120. Haka ma hanya. Turbar da jaki biyar ke bi ranar kasuwa a zamanin kakanni, yau amalanke ashirin da babur talatin ke rububinta.

ME YA SA AKE ƘIDAYA MU?

Mutane kan yi wannan tambaya a ajin dare. Wasu na tsoron lanho. Wasu na ganin ƙidaya ƴaƴa na jawo baki. Shi ya sa wani magidanci mai ƴaƴa tara kan ce biyar gare shi. Wani kuma ya manta da ƴan mata, ko da tsohuwar da ke ƙuryar gida.

Masu ƙidayar jama'a daban, masu karɓar lanho daban. Da lissafin ƙidaya ake duba inda za a gina lakkwal, da gidan likita, da fanfo, da hanya. Kuɗin gwamnati ba ya isa a yi wa kowa a shekara ɗaya. Dole a fara da wani wuri. In ƙauye biyu na neman hanya, ana duba wanda ya fi jama'a a rubuce. Wanda ya ɓoye ƴaƴansa, ya rage wa garinsu nauyi a sikeli.

Ga misali daga nesa. Indiya ƙasa ce mai ƙauyuka fiye da dubu 600. A can, idan an yi ƙidaya, ana rubuta wa kowane ƙauye yawan mazansa da matansa. Ana kuma rubuta ko yana da makaranta, ko motar haya na shiga, in ba ta shiga nisan da ake yi kafin a same ta. A ƙarshen shekara ta 2000 gwamnatin Indiya ta soma wani babban shiri na hanyoyin karkara. Ta kafa doka mai sauƙi: ƙauyen da ya kai mutum 500 za a haɗa shi da hanyar da ake bi rani da damina. A ƙasar duwatsu da ta hamada mutum 250 sun isa. Kun ga ke nan, ƙauyen da aka rubuta masa 510 ya shiga layi, wanda aka rubuta masa 490 ya jira.

Masu bincike sun bi sawun shirin bayan shekaru. Sun ga hanya ita kaɗai ba ta mai da ƙauye mai arziki dare ɗaya. Abin da ta fi yi shi ne ta sauƙaƙa wa mutane fita neman aikin kuɗi, kuma yara sun ƙara daɗewa a makaranta. Wannan darasi ne gare mu. Hanya ƙofa ce. Sai an yi shirin abin da za a fita da shi, da abin da za a shigo da shi.

YADDA KAKANNI SUKA YI TAFIYA

Damagaram ta san fatauci tun kafin mota. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Zinder zango ce babba tsakanin Kano da Agadas. Ayarin raƙuma kan tashi da fatu da tufafi, ya ƙetare hamada har Tarabulus. Fatake kuwa da jakai da takarkarai suke yawo kasuwa-kasuwa. Ba a lissafin tafiya da awa a lokacin, da kwana ake yi.

A 1899 sojan Faransa suka yi yaƙi da rundunar Damagaram a Tirmini, maƙwabciyar Garagumsa, suka shiga Zinder. Birnin ya zama mazaunin mulkinsu har 1926, lokacin da suka mai da shi Yamai. Hanyoyin mota na farko da aikin tilas aka share su. Ana zuwa ƙauye a ɗebi majiya ƙarfi, ko da kuwa lokacin noma ne. Sai a 1946 aka soke aikin tilas. Shi ya sa har yau wasu dattawa ba su son jin an ce a fito aikin hanya. Ya kamata mu rarrabe. Wancan aiki ne na bulala, don amfanin wani. Gayya kuwa tamu ce, mu muke kiranta, mu muke cin moriyarta.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Shekaru da yawa gyadar Damagaram kan bi mota zuwa can, a ɗora ta a jirgi zuwa bakin teku. Mu a nan ba mu da jirgin ƙasa. Abin da muke da shi shi ne kwalta, da abin da ke kai mu bakinta.

HANYA IRI UKU

Akwai kwalta. Ita ake bi rani da damina, dare da rana. Gwamnati ke gina ta, don kuɗinta ya fi ƙarfin ƙauye, ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma.

Akwai hanyar burji, wadda aka zuba wa jar ƙasa aka daddaɓe. Mota na bin ta duk shekara muddin ana gyara. In aka bar ta damina biyu ko uku ba gyara, sai ta koma ramuka.

Akwai kuma turbar rairayi, wadda ƙafa da kofato da tayar amalanke suka fitar. Ita ce hanyar yawancin ƙauyukanmu. Da rani yashi na riƙe taya. Da damina ruwa na yanke ta a bakin ƙorama, ko ya kwanta a fadama kwana da kwanaki.

Bankin Duniya yana da ma'auni a kan wannan. Yana lissafa mutumin karkara cikin masu hanya idan tsakanin gidansa da hanyar da ake bi duk shekara bai wuce kilomita 2 ba. Tafiyar ƙafa ce ta kamar rabin awa. Ma'aikatar lafiya ta ƙasarmu ita ma tana da nata ma'auni. Tana lissafa mutum cikin masu likita kusa idan bai wuce kilomita 5 daga gidan likita ba. Kowa ya tambayi kansa: garinmu yana ciki, ko yana waje?

A nan ne yawan jama'a ke taɓa hanya kai tsaye. Gonar da uba ɗaya ya noma, yau ƴaƴa biyar sun raba ta. Kowa na neman ƙarin taki ɗaya. Sai wannan ya ci bakin hanya da hauya, na ƙetare ma ya ci. Shekara goma, hanyar da amalanke biyu ke giftawa ta koma ta mutum ɗaya. Haka ake yi wa burtali, har rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi. Ga kuma sarar itace don girki. Inda aka sare itatuwa, ruwan sama ba ya samun abin da zai tare shi. Sai ya taho da gudu, ya bi turba, ya haƙe ta ta zama kwazazzabo. A daminar 2024 mun ga ƙarfin ruwa. Ya karya hanyoyi a wurare da yawa na ƙasa, har tsohon masallacin Birni a Zinder ya rushe.

DAREN NAƘUDA

Mu kwatanta wani ƙauye mai mutum 600, kilomita 12 daga kwalta. A ƙasarmu, cikin mutum 1000 ana haihuwar jarirai kamar 45 a shekara. Wato a wannan ƙauye za a haihu kamar sau 27. Masana lafiya sun ce cikin mata masu ciki 100, kamar 15 kan gamu da matsalar da sai ma'aikacin lafiya. Wato a ƙauyen nan mata kamar 4 ne kowace shekara. Ba wanda ya san ko su wane ne. Tana iya zama matarka, ko ƴarka, ko ke mai karatun nan.

A ce dare ne cikin watan takwas, an yi ruwa da la'asar. Mace ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Ungozoma ta fito zaure ta ce: “Maigida, wannan ta fi ƙarfina, a nemi abin hawa.” Maigida ya ce a bari gari ya waye. Uwar miji ta ce a gwada jiƙo tukuna. Awa ɗaya ta tafi. Da aka yarda a tafi, mai amalanke ya kai shanunsa kwana a gona. Mai babur ba shi da mai. Wayar da za a kira mota ba caji. Da aka samu amalanke, sai ga ƙorama ta kawo. Kilomita 12 cikin laka, da shanu, tafiyar awa uku ce ko fiye.

To, zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa 2 in ba a tsayar da shi ba.

Ma'aikatan lafiya suna cewa jinkiri uku ke kashe mata wajen haihuwa. Na ɗaya, jinkirin yanke shawara a gida. Na biyu, jinkirin hanya. Na uku, jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun aikin hukuma ne. Na ɗaya a hannunmu yake ɗungum. Na biyu kuwa, rabinsa a hannunmu yake.

A 2005 gwamnati ta yanke cewa tiyatar fidda jariri kyauta ce. A 2006 ta ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. An kuma gina ƙananan ɗakunan magani a ƙauyuka da yawa tun daga 2001. Amma kyautar tana jiran wanda ya iso ne. Ɗakin magani na ƙauye ba ya tiyata, ba ya ƙarin jini. Sai an wuce gaba, wani lokaci har Zinder, inda babban asibiti da gidan kula da uwa da yaro suke.

Ku lura da wani abu kuma. Zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani daga tsakiyar damina zuwa kaka. Lokacin ne yara ke suma, jininsu ya ƙare. Lokacin ne kuma hanya ta fi lalacewa, rumbu ya yi ƙasa, aljihu ba kuɗi. Ciwo da laka da talauci tare suke zuwa. Wanda ya san haka, tun rani yake shiri.

RANAR KASUWA DA RANAR MAKARANTA

Hanya tana shiga cikin farashin kowane tiya. Manomin da ke bakin kwalta yana kai wakensa kasuwar Takeita, ko ya kora akuyarsa kasuwar dabbobi ta Kundumawa. Yana jin farashi daga bakin mutum goma kafin ya sayar. Manomin da ke can ciki, sau da yawa mai saye ɗaya ke iske shi har gida. Abin da ya taya, shi ke nan. Mai sayen ma yana da hujja: ya sha yashi, ya ƙona mai, sai ya cire wahalarsa a jikin buhu. In ka juya wajen saye, haka abin yake. Gishiri, sabulu, takin zamani da siminti duk sun fi tsada a ƙauyen da mota ba ta shiga. Mutumin ciki yana sayarwa da araha, yana saye da tsada.

Kwalta ma ba kullum take kai mutum inda yake so ba. Daga watan takwas na 2019 zuwa ƙarshen 2020 Najeriya ta rufe iyakarta. A 2023 an sake rufewa, sai a watan uku na 2024 aka buɗe. Masu kai wake da dabbobi kudu sun ji a jikinsu. Wannan ya koya mana amfanin kasuwannin cikin gida, da ƙananan hanyoyin da ke haɗa su.

Ga batun yara. Ƙauyuka da yawa sun samu lakkwal ta farko. Amma kwaleji sai a babban gari. Yaron da zai yi kilomita 8 da safe, ya yi 8 da yamma, bai daɗewa yake gajiya. Ƴa mace kuwa iyaye ba su sakin jiki ta bi daji ita kaɗai, ba su kuma son ta zauna gidan wani. Sai a cire ta. Malamin makaranta da ma'aikacin lafiya su ma mutane ne. Sun fi zama a garin da za su iya fita in iyalinsu ba lafiya.

ABIN DA ZA MU IYA YI DA HANNUNMU

Gina kwalta ba namu ba ne. Amma ga abubuwa shida da ba su fi ƙarfin ƙauye ba.

Na ɗaya, mu ƙidaya kanmu. Ajin yaƙi da jahilci ya sayi littafi guda. Da izinin mai gari, a bi gida-gida. A rubuta maza nawa, mata nawa, yara ƴan ƙasa da shekara 5 nawa, waɗanda suka isa makaranta nawa. Kada a tsallake tungaye da rugagen Fulani da na Buzaye da ke kewaye, don hanya ɗaya muke bi. Kowace haihuwa da kowace rasuwa a ƙara a littafi. A kuma karɓar wa kowane jariri takardar haihuwa.

Na biyu, mu auna hanyarmu. Mai babur ya duba lambar kilomita a fuskar babur ɗinsa lokacin tashi, ya sake dubawa a bakin kwalta. A rubuta. A rubuta wuraren da ruwa ke yankewa, da kwana nawa hanya ta rufe a daminar bana. A rubuta amalanke nawa ke gari, babur nawa, waya nawa.

Na uku, mu kafa asusun gaggawa. Bayan girbi kowane gida ya kawo abin da aka yarda, kuɗi ko hatsi. A zaɓi mutum uku amintattu, cikinsu har da mace. Ɗaya ya riƙe akwati, ɗaya ya riƙe mabuɗi, ɗaya ya riƙe littafi. Kuɗin na mai ne da hayar mota idan ciwo ya tashi. A wasu gundumomin ƙasarmu an gwada irin wannan a gidajen likita: ana ƙara dala 20 a kan kuɗin ganin likita, a tara don ɗaukar marasa lafiya. Abin da aka yi a can, ƙauye ma na iya yin irinsa.

Na huɗu, mu sa layin tsaro. Kowane mako a san amalanken da zai kwana a gari da shanunsa, da babur ɗin da zai kwana da mai a ciki. Lambar wayar ma'aikacin lafiya da ta direba a rubuta su a bangon zauren mai gari, da manyan baƙaƙe. Mace mai ciki ta je awo. In an ce mata haihuwarta na iya zuwa da gardama, ta koma kusa da likita tun watan bai kama ba. Maigida kuma ya bar izini tun da wuri: ko ba ya nan, a tafi da ita.

Na biyar, mu yi gayyar hanya sau biyu a shekara, kafin ruwa ya sauka da bayan girbi. A cike ramuka. A jera duwatsu a inda ruwa ke gudu, don ya rage ƙarfi. A fitar wa ruwa hanyarsa a gefe. Mai gari da dattawa su kafa alamar faɗin hanya da na burtali, kowa ya tsaya iyakarsa. A bar gawo da sauran itatuwa su tofo a gonakin bakin hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na shida, mu kai kukanmu a rubuce. Kowace ƙaramar hukuma tana da tsarin ayyukan raya ƙasa na shekaru. Ƙauyukan da ke bin turba ɗaya su haɗu su rubuta takarda guda. Mai gari ya kai wa sarkin yanki, a kai ofishin ƙaramar hukuma a Takeita, a riƙe kwafi a gida. Wanda ya je ya ce “muna shan wahala”, za a ce masa kowa ma na sha. Wanda ya je ya ce “mu ƙauye huɗu ne, mutum kaza, kilomita kaza, hanya ta rufe kwana kaza, ga wuri biyu da ke son shimfiɗar siminti a bakin ƙorama”, dole a saurare shi. Wataƙila ba a yi bana ba. Amma takarda ba ta mantuwa, kuma in masu aikin hanya suka zo, ita za a fara buɗewa.

Kalma ɗaya ga matafiya. Motar kasuwa da aka cika har sama, mutane a kan buhu, ta sha kashe bayin Allah. Babur ba na mutum huɗu ba ne. Mai tuƙi ya sa hular kwano. Mai amalanke da zai hau kwalta da dare ya rataya fitila ko wani abu mai ƙyalli a baya. Mun sha wahala mun iso kwalta, kada kuma ita ta cinye mu.

AIKIN AJI

Ga lissafi. Lambobin na misali ne, ku sa na garinku a madadinsu.

1. Ƙauye yana da gida 80. Kowane gida ya ba da dala 100 bayan girbi. Jika nawa aka tara? In ɗaukar mara lafiya ɗaya na cin jika 10, mutum nawa asusun zai ɗauka?

2. Mai saye ya zo gida ya taya buhun wake jika 20. A kasuwar bakin kwalta jika 23 ne. Kuɗin amalanke dala 150 ne kowane buhu. Mai buhu 6, nawa zai ƙaru da shi in ya kai da kansa?

3. Ƙauye yana da mutum 600. In jama'a na ninkawa cikin shekara 18, mutum nawa za su zama bayan shekara 18? Rijiya nawa da aji nawa za su buƙata?

Ga kuma tambayoyin tattaunawa. Kilomita nawa ne daga garinku zuwa kwalta, kuma nawa zuwa gidan likita? A daminar da ta wuce, kwana nawa hanyarku ta rufe? In ciwo ya tashi yau da tsakar dare, ƙofar wa za a fara bugawa?

Ku tattauna, ku rubuta amsa da hannunku, ku ba malaminku ya aiko mana. Ajin da ya fara kammala littafin ƙidayar garinsu, za mu buga labarinsa a wannan shafi don sauran su gani su koya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sauki mata lafiya, ya kai matafiya gida lafiya. Amin.